Sikana ta hannu: za ta ishe ni ɗaukar takardun bincike da tsofaffin wasiƙu?

Tambaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu daraja. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki da sikana ta hannu, wato doguwar nan mai siffar sanda wadda ake ɗorawa a kan takarda a ja ta daga sama zuwa ƙasa, ta ajiye hoton a katin memori ba tare da an jona ta da kwamfuta ba. Ina tsakiyar binciken digiri na biyu ne, kuma mafi yawan abin da nake buƙata yana cikin littattafai da rajistoci waɗanda ba a yarda a fita da su daga ɗakin karatu ba, wasu ma ba a yarda a kifa su a kan injin kwafi ba saboda nauyinsu da yanayin ɗinkinsu. Wata uku ke nan ina kwafar wasu shafuka da biro, wasu kuma ina ɗaukarsu da waya, amma hotunan wayar sun fara gajiyar da ni. Wani shafin ya fito a karkace, wani inuwar hannuna ta cinye rabinsa, wani kuma fitilar sama ta haske tsakiyarsa har alƙaluman da ke jere cikin jadawali suka ɓace. A makon jiya na zauna zan fitar da lissafi daga wata rajista mai shafi 60, sai na tarar shafi 11 ba sa karantuwa, dole na koma na nemi a sake fito mini da ita.

Ban da aikin makaranta, akwai wata jaka ta wasiƙu da takardun mahaifina, Allah ya jiƙansa, wasu sun haura shekara 50, tawadarsu ta fara dishewa, gefunansu kuma suna marmashewa da zarar an taɓa. Ina so in adana su kafin su ƙarasa lalacewa, in raba wa ƙannena kowa ya samu nasa.

Abin da nake son sani shi ne ko hoton da wannan na'ura ke fitarwa yana da kyawun da zai nuna ƙananan rubutu da alƙaluma sarai, ko za a iya mayar da shi rubutun da ake gyarawa a kwamfuta, sannan ko babu haɗari a ja ta a kan tsofaffin takardu. Masu sayarwa sun yaba mini ita ƙwarai, amma na fi son in ji daga bakin wanda ya riƙe ta da hannunsa ya yi aiki da ita.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma ba ka nasarar bincike. Sana'ata gyaran na'urorin ofis ce, kuma irin wannan sikana ta sha ratsa hannuna, don haka bari in fara da yadda take aiki, domin amfaninta da gazawarta duka daga nan suka samo asali.

Idan ka juya ta ka dubi ƙarƙashinta, za ka ga siririn gilashi da ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, da 'yan tayoyin roba a kusa da shi. A bayan gilashin akwai dogon layi na ƙananan idanu masu karɓar haske, dubbai a jere, tare da fitilun LED da ke haska takardar. Wannan tsari shi ake kira CIS. Na'urar ba ta ɗaukar shafi gaba ɗaya a lokaci guda kamar yadda kyamara ke yi. Siririn layi ɗaya take gani, wanda bai wuce kaurin silin gashi ba, sai tayoyin su sanar da ita nisan da aka matsa, ta ɗauki layi na gaba, a haka har ta jera dubban layuka su zama shafi. A sikana ta tebur mai murfi, wani ɗan inji ne ke tafiyar da idanun da sauri ɗaya a kan hanya madaidaiciya, amma a wannan hannunka ne injin. Idan ka yi sauri fiye da yadda take iya ƙirgawa, za ta tsallake wasu layuka, kuma mafi yawansu suna kunna jar fitila su gargaɗe ka. Idan gefe ɗaya ya riga ɗaya gaba, rubutun zai sunkuya. Idan taya ta zame a kan takarda mai santsi, sai sadara guda ta matse ba tare da ka lura ba a lokacin.

Abu na biyu, ganinta gajere ne ƙwarai. Sai takarda ta manne da gilashin sannan hoto ya fito tas. Da zarar ta ɗaga da kamar milimita biyu, rubutun zai dishe ya yi duhu. To, ka san babban littafi idan aka buɗe shi shafinsa yana lanƙwashewa ya gangara wajen ɗinki, kuma a nan ne sikana ta hannu ke yawan cinye haruffan farko ko na ƙarshen kowace sadara. Haka nan idan ta iso bakin shafi, tayoyin na iya rasa abin takawa kafin gilashin ya gama wucewa, sai sadarorin ƙasa da lambar shafi su salwanta. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a kwantar da na'urar daidai da ɗinkin, a faro daga can a ja zuwa bakin shafi, muddin tsayin littafin bai wuce tsawon gilashin ba, sannan a jingina wani littafi mai kauri ɗaya da shi a gefe domin tayoyin su samu inda za su ci gaba da gungurawa. Idan takardar mai shara-shara ce har rubutun baya yana lekowa, ka sa baƙar takarda a bayan shafin, za ka ga bambanci nan take.

Batun faɗi kuma, mafi yawansu an ƙera su ne don takardar A4, wadda faɗinta santimita 21 ne, tsayinta 29.7, tsawon gilashin kuma bai fi faɗin takardar da komai ba sai 'yan milimitoci. Duk abin da ya wuce wannan faɗi sai an ɗauke shi sau biyu a haɗa a kwamfuta. Wannan matsala tsohuwa ce: sikanonin hannu na ƙarshen shekarun 1980, irin su ScanMan na kamfanin Logitech, faɗinsu bai wuce kamar santimita 10 ba, shafi ɗaya ma sai an ɗinke shi daga yanki biyu ko uku. Na yanzu sun yi gaba sosai, amma rajistocin da ka ambata sau da yawa sun fi A4 girma, don haka ka auna su da rula kafin ka yanke shawara.

A kan kyawun hoto, abin da ake aunawa shi ne yawan ɗigo a kowane inci, wato dpi. Galibi za ka tarar da zaɓin 300 da 600 da 900. Shafin A4 a kan 300 yana ba da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsayi, kusan miliyan 8.7 ke nan, kuma ya wadatar ga rubutun littafi na yau da kullum. Idan ka koma 600, yawan ɗigon ya ninka sau huɗu, fayil ya yi nauyi, hannunka kuma dole ya ƙara sassautawa. Ina ba da shawarar 600 ne kawai ga ƙananan rubutun ƙasan shafi da jadawali mai cunkoso. Na 900 kuwa ban ga wani alherinsa ba a aikin rubutu, domin rawar hannu tana ɓata fiye da abin da ƙarin ɗigon ke gyarawa.

Duk da waɗannan, ina ganin za ta amfane ka a ɗakin karatu. Tana zuwa da haskenta, don haka babu inuwa, babu ƙyallin fitilar sama, launin shafi ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma shafin ba ya fitowa da kai ƙarami da gindi mai faɗi kamar na waya. Tana shiga jaka, ba ta buƙatar kwamfuta ko intanet, kuma wanda hannunsa ya saba zai gama shafi cikin 'yan daƙiƙu. Ga takardar da ba za ta iya zuwa wajen sikana ba, kuma lafiyayya ce, shimfiɗaɗɗiya, wannan ita ce sikanar da ke zuwa wajenta.

Amsa ta biyu

Malam mai tambaya, na yi shekaru masu yawa ina aiki a sashen adana tsofaffin takardu kafin in yi ritaya, kuma na yarda da bayanin Injiniya, mai amsa ta farko, a kan littattafan ɗab'i masu lafiya. Amma ina roƙonka kada ka ɗora wannan na'ura a kan wasiƙun mahaifinka, ko sau ɗaya.

Dalilina shi ne, ita wannan sikana ba ta aiki sai an danna kuma an ja, waɗannan biyun kuwa su ne abin da tsohuwar takarda ta fi ƙi. Takardar da ta daɗe tana bushewa ta rasa laushinta, musamman wadda aka yi da niƙaƙƙen itace mai tsami, shi ya sa take zama ruwan ƙasa tana karyewa a wajen ninki. Akwai kuma tsohuwar tawada da ake haɗawa da sinadarin ƙarfe, wadda da tafiyar zamani take cin takardar ta ƙarƙashinta, har harafi ya zama kamar an yanke shi da reza, yana jiran ɗan matsi kaɗan ya zube. Rubutun fensir shi ma yana gogewa idan roba ta bi ta kansa. Na taɓa ganin wani mai bincike ya shigo da irin wannan na'ura ba tare da an lura ba, ya ja ta a kan wata wasiƙa mai ɗan tsagu a kusurwar sama. Taya ta kama bakin tsagun, ta naɗe shi, kusurwar ta ɓalle ta rabu gida uku, kuma a daidai wannan kusurwa aka rubuta kwanan watan wasiƙar. Mun tattara gutsattsarin da ɗan hantsaki muka manna da siririyar takardar gyara, amma ɗaya daga cikin alƙaluman shekarar ya riga ya zama gari. Bai yi da mugun nufi ba, kuma baƙin cikinsa ya fi namu, sai dai abin da ya tafi ya tafi.

Saboda irin wannan ne wuraren adana takardun tarihi da yawa suka hana sikana ta hannu da sikana mai jan takarda da kanta, alhali suna barin a ɗauki hoto da kyamara ba tare da filasha ba. Don haka tun kafin ka saya, ka je ka tambayi masu kula da ɗakin karatun ko za su bari ka shiga da ita, ka kuma tambayi iyakar shafukan da haƙƙin mallaka ya ba ka damar kwafa. Ko a kan littafi mai lafiya ma, ka kiyayi danne shi da ƙarfi don neman ya kwanta, domin ɗinkin babbar rajista idan ya ɓalle shafukan ne za su riƙa fita ɗaya bayan ɗaya a hannun masu zuwa bayanka.

Ga wasiƙun, abin da ya dace shi ne hoto daga sama, ba tare da komai ya taɓa fuskar takardar ba. Ka kafa waya ko kyamara a kan wani abin riƙe da ba ya motsi, idonta yana kallon ƙasa sak. Ka shimfiɗa wasiƙar a kan takarda mai duhu marar ƙyalli, ka sa fitila biyu iri ɗaya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace ta karkato kamar kusurwar digiri 45, ka kashe fitilar sama. Ka wanke hannu ya bushe sarai. Safar hannu ta auduga tana rage jin yatsa, tana kuma kama bakin takarda, shi ya sa masana adana takardu da dama suka fi son tsaftataccen hannu. Wadda ta ninke ta ƙi buɗewa kada ka tilasta mata. Wadda ke shimfiɗe kuma da sauran ƙwarinta, sikana ta tebur mai murfi za ta yi, domin takardar kwance take, idanun ne ke tafiya a ƙarƙashin gilashi.

Akwai wani abu da masu sha'awar rubutu kaɗai ke mantawa. Wasiƙa ba kalmominta ne kawai abin adanawa ba: gefunanta, da bayanta ko da babu rubutu, da ambulan, da kan sarki, da hatimin gidan waya mai ɗauke da rana da wuri, duka shaida ne. Sikana ta hannu kuwa gefuna ne abin da ta fi yankewa. Ka ɗauki kowace takarda da ɗan fili kewaye da ita, ka ajiye rula a gefe don a san girmanta. Sannan mafi yawan sikanonin hannu fayil irin na JPEG ko PDF kawai suke fitarwa, shi kuma JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayanan hoto don ya rage nauyi, kuma duk sanda aka gyara aka sake ajiyewa sai ya ƙara zubarwa. Mu a wajen aiki TIFF, wani nau'in fayil da ba ya zubar da bayanan hoto, muke ajiye kwafin asali da shi, mu fitar da JPEG don rabawa. Shafin A4 mai launi a kan dpi 300 yana kai wa kusan megabait 26 idan ba a matse shi ba, amma ga jaka ɗaya ta wasiƙun mahaifi wannan nauyi ba abin damuwa ba ne.

Amsa ta uku

Ɗan'uwa, ni aikina duba lissafin kuɗi ne, ina yawo daga ofis zuwa ofis, kuma na yi kusan shekara biyu da sikana ta hannu a jakata kafin in sauya. Zan ɗan saɓa wa Injiniya a abu ɗaya: ina ganin ba wayarka ce ta gaza ba, yadda kake riƙe ta da hasken wurin ne suka gaza. Kyamarar waya mai ɗigo miliyan 12 tana ba da 4000 a tsayi da 3000 a faɗi. Idan shafin A4 ya cika fuskar hoton, ka samu kusan dpi 340 ke nan, wanda ya ɗara 300 ɗin da ake nema. Manhajoji irin su Adobe Scan, da abin sikanin da ke cikin Google Drive da Notes na iPhone, suna gano kusurwoyin shafi su miƙar da shi da kansu. Idan ka samu ɗan abin kafa waya mai naɗewa ka bi tsarin fitilun da Hajiya, mai amsa ta biyu, ta bayyana, rabin kukanka ya ƙare, kuma wayar ba ruwanta da faɗin rajista ko lanƙwasar ɗinki, domin ganinta yana da zurfi.

Abin da ya fi ba ni wahala da ta hannu shi ne rashin ganin abin da na ɗauka. Ɗan allon da ke jikin tawa adadin hotuna kawai yake nunawa da sauran batir. Wata rana na ɗauki takardu sama da 100 a wani ofis, da na dawo na buɗe su a kwamfuta sai na ga siririn baƙin layi ya ratsa kowane shafi daga sama har ƙasa. Ashe ɗan busasshen farin ruwan gyaran rubutu ne ya manne a gilashin tun shafi na uku, kuma da yake idon da ke ƙarƙashinsa shi ne ke ɗaukar wannan wuri a kowane layi, sai tabon ya zama zare. A wasu shafukan zaren ya bi ta kan alƙaluman kuɗi. Tun daga ranar nake goge gilashin da ƙyalle mai laushi bayan kowane shafi goma, ina kuma duba hotunan kafin in bar wurin. Idan za ka saya, ka nemi mai allon da ke nuna hoto ko mai aika shi zuwa waya ta Wi-Fi, ka riƙe ƙarin batura, ka kuma adana farin katin daidaita launi da ke zuwa da ita.

Ƙananan takardu kamar rasit ma suna ba ta wuya, domin suna nannaɗewa su bi tayoyin, sai an sa su cikin leda mai haske an danne. Ga rasit irin na takardar zafi, wanda rubutunsa ke gogewa da rana da ɗumi, ɗaukarsa da wuri wajibi ne, amma waya ta fi sauri. Takardun da ba a ɗinke ba kuwa, ƙaramar sikana mai jan takarda da kanta ta fi ta hannu nesa ba kusa ba. Girmansu kusan ɗaya ne, kamfanoni irin su Epson da Brother da Canon suna yin ta, da yawa wayar USB kaɗai ke ba su wuta, kuma da yake inji ne ke jan takardar, layuka suna fitowa a miƙe. Littafi ne kawai ba ta iya ɗauka.

Inda nake jinjina wa ta hannu shi ne sirri. Hoton yana kan kati ne, ba ya hawa rumbun intanet na kowa, saɓanin wasu manhajojin waya da ke tura shi can ba tare da mai shi ya lura ba, kuma akwai ofisoshin da ke hana ɗaukar hoto da waya saboda wannan. Sai dai katin ƙarami ne kamar farce, kuma duk wanda ya tsince shi zai iya buɗe abin da ke ciki.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranki ya daɗe Hajiya, na ji gargaɗinku, kuma wasiƙun Baba ba za su ga taya ba. Ban taɓa tunanin ambulan da hatimi ba, har na kusa ware su gefe. Yau na je da rula kamar yadda Injiniya ya ce, na tarar faɗin shafin rajistar santimita 26 ne, tsayinsa 38, wato ta fi ƙarfin gilashin ta kowace fuska. Littattafan ɗab'in kuwa duka ba su kai A4 ba. Saura tambayata ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna saboda yawan abin da zan buga: masu sayarwa sun ce na'urar tana mayar da hoto rubutu da kanta. Yaya gaskiyar wannan, musamman a kan jadawalin alƙaluma da kuma shafukan da aka cike da hannu?

Amsa ta huɗu

Malam, ni ne mai amsa ta farko. Maganar masu sayarwa tana buƙatar gyara. Ita sandar, hoto kawai take ɗauka. Mai mayar da hoton rubutu manhaja ce dabam da ake kira OCR, wadda ake sakawa a kwamfuta ko waya, kuma za ta yi aiki a kan hoton kowace sikana ko kyamara. Fasahar ta daɗe: tun 1976 Ray Kurzweil ya fito da na'urar da ke haɗa sikana da gane rubutu da murya don karanta wa makafi littafi a Amurka. Akwai ma ta kyauta mai suna Tesseract, wadda aka fara a kamfanin Hewlett-Packard a shekarun 1980, aka saki tushenta ga kowa a 2005. Saboda haka kada wannan alkawari ya zama dalilin sayenka.

A kan rubutun ɗab'i mai tsabta a dpi 300, sakamakon yana da kyau, gyara kaɗan za ka yi. Amma akwai wata illa da ta keɓanta da hoton sikana ta hannu. Idan shafi ya karkace gaba ɗaya, manhaja tana juya shi ya miƙe cikin sauƙi. Karkacewar hannu kuwa ba iri ɗaya ba ce daga sama zuwa ƙasa: nan ta sunkuya dama, can ta matse, gaba kaɗan ta koma hagu, kuma babu juyi ɗaya da zai gyara duka. Kafin ka amince da hannunka, ka ɗauki takardar zane mai ƙananan murabba'ai sau biyar, ka buɗe a kwamfuta ka ƙara girma. Inda murabba'i ya zama wani abu dabam, haka harafi zai zama a wurin. Gani ya kori ji, kuma wannan gwaji zai nuna maka saurin da ya dace da kai.

Manhajar tana dogara da harshen da aka horar da ita a kai. Idan ba ta san haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ ba, za ta mayar da su b da d da k, ko wata alama marar ma'ana, sai ka bi kalma-kalma. A rubutun zube ƙamus yana taimaka mata ta yi hasashen kalma, amma alƙaluma ba su da ƙamus: 1 da 7, 3 da 8, 5 da 6 suna rikiɗa, kuma lambar da ta fito ba daidai ba kamanninta ɗaya da ta daidai. Har hoton kansa yana iya yaudara idan an matse shi fiye da kima. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu manyan injunan sikanin na Xerox suna sauya 6 zuwa 8 a cikin hoto saboda tsarin matse fayil na JBIG2, wanda ke maimaita siffar alama ɗaya a wuraren da ya ɗauka iri ɗaya ne, har kamfanin ya fitar da gyara. Don haka ka zaɓi mafi ingancin ajiya da na'urarka ke bayarwa, kuma kowane jadawali da za ka dogara da shi a bincike ka tara jimillarsa ka gwada da jimillar da ke rubuce a rajistar.

Shafukan da aka cike da hannu kuwa, ka shirya buga su da kanka. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin karanta rubutun hannu, amma rajistar da magatakarda daban-daban suka cike cikin shekaru, da gajerun kalmomi da gyare-gyare a gefe, aikin ido ne. Tun da faɗinta 26 ne, ban ba ka shawarar ɗinke yanki biyu ba, domin idan sadarorin hagu da na dama suka goce da layi ɗaya, za ka jingina wa mutum lambar na ƙasa da shi. A nan na bi ra'ayin ɗan'uwa mai duba lissafi: waya a kan abin kafawa, shafi ɗaya hoto ɗaya. Idan kuma 'yan sadarori kake tsinta daga littattafai don kafa hujja, akwai sikana mai siffar biro irin C-Pen, wadda ake bi da ita kan sadara ta ba da rubutu kai tsaye.

Ka daidaita kwanan watan na'urar tun ranar farko, domin sunayen da take ba fayiloli lambobi ne kawai a jere, kuma bayan wata guda ba za ka tuna na wane littafi ba ne. Ka fara kowane aiki da ɗaukar bangon littafin da shafin da ke ɗauke da sunan mawallafi da shekara. Da ka koma gida ka kwashe katin, ka ajiye kwafi uku a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da inda kake.

Mai tambaya

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Na yi magana da shugabar ɗakin karatun da safiyar yau. Ta ce za ta bari in yi amfani da sikana ta hannu a kan littattafan da ke kan kanta na kowa da kowa, amma ban da rajistoci da duk abin da ke ɗakin ajiya na musamman, inda waya kawai aka yarda da ita, ita ma ba filasha. Wani abokin karatuna yana da irinta, ya yarda ya ara mini na mako guda, zan fara da gwajin takardar murabba'ai sannan in ɗauki babi ɗaya da ita, in sake ɗaukarsa da waya a kan abin kafawa, in ba manhajar duka biyun in ƙirga kurakuran kowanne. Hajiya, akwai wasiƙa biyu da suka manne da juna ta wajen ninki, da alama ruwa ya taɓa jakar a wani lokaci. Na bar su yadda suke ban ja ba, ina jiran ku faɗa mini abin da ya kamata in yi da su.